An fasa aurena, ga kaka ta zo Inna ta ce in taho gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 26, ina ɗinki a Kano amma mu 'yan wani ƙauye ne wajen Gumel a Jigawa. An sa ranar aurena bayan girbi, har an raba goro da alawar sa rana, kawai wata biyu da suka wuce saurayin ya turo yayansa wai a yi haƙuri ya fasa, ba wani dalili. Tun lokacin abinci ba ya min daɗi, barci ma sai a hankali. Yanzu Inna ta matsa in taho gida tunda an fara shigo da amfanin gona, ni kuma wallahi kunyar mutane nake ji, kin san kaka lokacin biki ne, 'yar baffana ma za a ɗaura nata. Wata ƙawata kuma ta ce za ta kawo min wani abu a kwalba in sha in manta da komai. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu kin ji, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Abin da ciwo, duk wanda ya ce miki ba komai ba ne bai taɓa shiga ba.

Bari in fara da kwalbar nan don ita ta fi tayar min da hankali. Ko giya ce ko maganin tarin nan mai kodin, kar ki kai shi bakinki. Bayan haramcin da kin riga kin sani, giya tana sa mutum ya yi saurin barci amma barcin ba ya nisa, tsakar dare ki farka damuwar na nan har ta ƙaru, gobe kuma sai kin ƙara yawan abin da kika sha jiya. Kodin kuwa ɓarnar da ya yi wa 'yan mata da matan aure a Kano da Jigawa ce ta sa a 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai shi da shigo da shi, kuma da yawansu da irin maganar ƙawar nan taki suka fara.

Batun gida kuma, ki shirya ki tafi. Inna ba don ta rasa masu taya ta aiki take kiranki ba, so take ta gan ki a gabanta ta ga kin ci abinci. Kuma in dai gida za a je to babu kamar yanzu, an yanke gero ana ɗaure dami ana kai wa rumbu, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, dawa na nan tafe wajen Nuwamba zuwa Disamba, tsakar gida ba ta rabuwa da mutane daga safe har dare. A ɗakinki na Kano ke da waya ne kawai kina duba ko ya hau WhatsApp, a can kuwa kafin ki gama tsinkar gyaɗa da taya su sussuka da shiƙa an kira azahar, da daddare jiki ya gaji barci ya ɗauke ki ba da magani ba.

Abinci ma kar ki jira sai kin ji marmari, ki zauna cikinsu ki sa hannu a kwano ɗaya, ko loma biyar ce. Ki sa ƙannenki su gasa miki tumu, a dafa ɗanyar gyaɗa da gurjiya, a yi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, miyar taushe da sabuwar kabewa, fura da sabon gero wadda ƙamshinta ma daban ne da ta tsohon hatsi. In abin sha kike so ai yankinku ne gidan zoɓo, daga kasuwar Maigatari ake lodinsa har ƙasashen waje, ki dafa shi da kanki ki sa citta da kanumfari ki zuba wa kowa a gidan.

Maganar mutane za a yi, ba zan ɓoye miki ba, wata gwaggon ma a gaban jama'a za ta tambaye ki. Ki riƙe amsa ɗaya, Allah bai yi ba, ki ja bakinki. Ke ba ki yi abin kunya ba, wanda ya sa manya suka zauna sannan ya janye shi ya kamata ya sunkuyar da kai. In akwai maganar mayar da kaya ki bar wa baffanninki.

Bikin 'yar uwarki kuwa ki je kamu ko wuni ki yi mata Allah sanya alheri, in kika ji zuciyarki ta karye ki dawo ɗakin Inna ki yi kukanki, ba dole sai kin kai amarya ba. Amma in kin yi sati biyu a gida har yanzu ba ci ba barci, ko kina jin rayuwar ta ishe ki, ki faɗa wa Inna ku je asibiti a ga likita, ciwon damuwa yana da magani. Ki rubuto min bayan kin dawo in ji ya jikin.