Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta yake son kawo pit bull gida

'Yar'uwa, na karanta tambayarki kuma na kasa wuce ta, domin abin da kike tsoro ya riga ya auku a kan ɗana. Kin ce maigidanki ya ƙudurta kawo ɗan kwikwiyon pit bull, wato wani nau'in kare mai ƙarfi, alhali kuna da yara biyu ƙanana, ƙaramar ma ba ta daɗe da fara tafiya ba, kuma hujjarsa ita ce halin kare daga tarbiyya yake fitowa. Kin kuma tambaya ko dokokin da wasu ƙasashe suka kafa na haramta wannan nau'i suna da tushe. Shawarata ita ce kada ku kawo shi muddin yaran suna wannan shekaru, ko da yake, kamar yadda za ki gani, ba na cikin masu ganin cewa haramta nau'in shi ne magani.

Karen da ya ciji ɗana pit bull ne na maƙwabcinmu, kuma yaron ya san shi, ya sha wuce shi ba tare da ko haushi ba. A ranar an bar ƙofa a buɗe, yaron yana gudu da abokansa, karen ya fito bai yi gurnani ba, bai yi haushi ba, ya kama shi a cinya ya kayar da shi. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne yadda ya ƙi saki. Yana riƙe da naman yana girgiza kansa, ina dukansa da duk abin da hannuna ya kai, ina ihu, amma kamar ba shi nake duka ba, sai da maza biyu suka zo, ɗaya ya ɗaga ƙafafunsa na baya, ɗaya ya shaƙe shi da igiya, sannan bakin ya buɗe. A asibiti likita ya ce mini raunin ba huda ba ne irin na cizon da aka saba gani, yagewa ce, shi ya sa aka daɗe ana ɗinki, aka kuma bi shi da allurar rigakafin ciwon haukan kare tunda babu takardar da ta nuna an taɓa yi wa karen tasa. Ciwon ya warke, tabon yana nan, amma tsoron ya fi tabon daɗewa, domin yaron ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, kuma idan ya ji haushi daga nesa sai ya ƙanƙame ni.

Mai karen kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa, jinin yaro yana ƙasa, ita ce wai karensa bai taɓa yi wa kowa haka ba, lalle yaron ne ya tsokane shi. Bai leƙo asibiti ba, bai aiko da sannu ba. Daga baya na ji cewa karen ya taɓa kashe ƙaramin karen wasu mutane, an sasanta a ɓoye, kuma kowa ya san yana ɗaure shi da sarƙa wuni guda a rana, bai dandaƙe shi ba, ba ya fita da shi yawo, yana alfahari da cewa mutane suna jin tsoron gidansa. Da magana ta yi zafi sai ya ba da karen ga wani, bayan ɗan lokaci kuma ya sayo wani babban kare na wani nau'i daban ya ɗaure shi a wuri ɗaya da sarƙa ɗaya. Wannan mutumin nake tunawa duk lokacin da aka ce a haramta pit bull, domin dokar da ta tsaya a kan sunan kare ba za ta taɓa shi ba.

Birtaniya ta kafa irin wannan doka a 1991, ta haramta pit bull da wasu nau'o'i uku, kuma da kamannin jiki ake yanke hukunci, ana auna kai da ƙirji da ƙafafu, ba a duba asalin jini. Duk da haka mutane suka koma wani nau'i mai kama da shi wanda ya fi shi girma, XL Bully, har sai da aka ƙara shi a jerin, ya zama laifi a Ingila da Wales a mallake shi ba tare da takardar izini ba daga 1 ga Fabrairun 2024. Holland ta haramta pit bull a 1993, ta janye haramcin a 2008 da ta ga cizon bai ragu ba, Italiya ta soke nata jerin a 2009, mutanen birnin Denver a Amurka suka kaɗa ƙuri'a a 2020 suka kawar da haramcin da ya kasance tun 1989. Lardin Ontario a Kanada kuwa yana riƙe da nasa tun 2005. Saboda haka ki bincika dokar inda kuke kafin komai, domin akwai wuraren da za a ƙwace karen a kashe shi bayan yara sun shaƙu da shi, wannan ma wani ciwon ne.

Sai dai ki gaya wa maigidanki cewa maganarsa ta tarbiyya rabin gaskiya ce. An samo kakannin wannan kare ne a Ingila domin kama bijimai a wasan da aka haramta a 1835, daga nan aka mayar da su faɗa da karnuka 'yan'uwansu, wato an zaɓi waɗanda ba sa saki kuma ba sa ja da baya saboda zafi. Zancen da ake yi cewa muƙamuƙinsa yana kullewa ba gaskiya ba ne, ƙashinsa irin na sauran karnuka ne, naci ne kawai da ƙarfi, ni kuwa na ga wannan nacin da idona. Da yawansu suna rayuwa har su mutu ba su ciji kowa ba, na yarda da haka. Amma ƙaramin kare idan ya yi kuskure sau ɗaya a kan yarinya mai tatata, magani za a shafa, wannan kuwa fuskarta da wuyanta daidai bakinsa suke.

Wani bincike da aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka a 2013 ya duba mutuwar mutane 256 ta dalilin cizon kare daga 2000 zuwa 2009, ya gano cewa a kusan kashi 87 cikin 100 babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai raba, kuma a kusan kashi 84 karnukan ba a dandaƙe su ba. Ki tambayi kanki wa zai kasance a gida da karen da yaran idan maigida ya fita aiki, kuma ko ke kaɗai za ki iya ɓamɓare shi. Ni ban iya ba.

Idan ya nace, to ki kafa sharuɗɗa tun kafin kwikwiyon ya shigo. A ga uwarsa da ubansa da yadda suke karɓar baƙi, a yi masa rigakafi, a dandaƙe shi a lokacin da likitan dabbobi ya ce, a saba masa da takunkumi tun yana ƙarami, kada a ɗaure shi da sarƙa wuni guda, kuma kada a bar shi da yaro ko na minti ɗaya, musamman lokacin cin abincinsa ko barcinsa. Idan kin ga ya sandare, ya kafe yaro da ido, ya rufe baki ya yi shiru, ki ɗauke yaron nan take, kada ki jira gurnani. Ki kuma tuna da 'ya'yan maƙwabta, ki sa a yi ƙofa mai rufe kanta, domin ɗana ba a cikin gidan mai karen aka cije shi ba.

Idan maigidanki yana son ya ji daga bakin wanda abin ya shafa, ki turo mini saƙo, mahaifin yaron a shirye yake ya yi magana da shi.