Ajiyar waken suya daga kaka zuwa bazara

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Kurna a Kano ya tambaya: "Ina so in sayi waken suya buhu 50 a Dawanau da kaka, in ajiye zuwa bazara. Akwai riba?"

Alhaji, ana samu, amma tun ranar saye ake cin ribar ko a yi asararta. Sabon wake yana shigowa kasuwa daga Oktoba zuwa Disamba, kuma wasu manoman kan kawo shi bai gama bushewa ba. Wanda za a ajiye, danshinsa kada ya wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100. Idan ka sayi mai kashi 16, to ruwa ka saya da kuɗin wake: buhun kilo 100 zai koma kusan kilo 95 da rabi idan ya bushe zuwa kashi 12. A buhu 50, ka ga buhu biyu sun tafi ba ɓarawo ba ɓera. In kuwa ka jibge shi haka, zai ɗauki zafi, ya yi funfuna, ƙwayar ta yi duhu.

In ba ka da na'urar auna danshi, ka ciji ƙwayar. Busasshiya fashewa take yi ƙas, ɗanya kuwa haƙori nutsewa yake yi. Kada ka yarda da na bakin buhu kaɗai, ka sa a zazzage wasu ka duba tsakuwa, ƙasa da ƙaiƙayi, don kamfanonin mai da masu haɗa abincin kaji suna rage kuɗi a kan datti.

A sito, ka ɗora buhunan a kan katako, ka bar tazara tsakaninsu da bango. Ƙwari ba sa damun waken suya kamar farin wake, saboda haka kada ka cika shi da magani, musamman in masu awara ne za su saya.

Su masu awara kwano-kwano suke saye, suna son ƙwaya mai haske, kuma kuɗi hannu. Kamfani yana kwashewa gaba ɗaya, amma a kan sikeli, wani lokaci biyan ma sai an jira. Ka san wanda za ka sayar wa tun kafin ka saya. Kada kuma ka yi wa manomi alkawarin iri daga wannan ajiyar, domin ƙarfin tsirar waken suya yana raguwa da sauri a zafin Kano.

Ka haɗa kuɗin dako, mota, hayar sito da la'adar dillali a kan kowane buhu. Farashi ba kowace shekara yake tashi ba, don haka kada ka shiga da kuɗin bashi, kuma ka riƙa fitarwa kashi-kashi.