Amsoshin Tambayoyinku: Hannun Jari da Kutsen Kwamfuta

Wani malamin makaranta daga Zariya ya ce da kuɗin adashensa ya sayi hannun jarin wani kamfanin Amurka ta manhajar waya, yanzu ya ji an yi wa kamfanin kutse, har barci ya ƙaurace masa. Yana tambaya, ya sayar da hannun jarin ne ko ya bari?

Malam, Allah ya tsare dukiyarka, kwantar da hankalinka. Kada ka sayar a firgice. Tun Disamba 2023 hukumar SEC ta Amurka, mai kula da cinikin hannun jari, ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su sanar da babban kutse cikin kwanakin aiki 4, a takardar da ake kira 8-K. Shiga EDGAR, shafin hukumar da ake ajiye takardun kamfanoni, kyauta ne, ka rubuta sunan kamfanin. Ka duba ko aiki ya tsaya, ko bayanan masu hulɗa da su sun fita, da abin da suka ce sun yi asara. Kamfanin otal-otal na MGM Resorts ya yi asarar kimanin dala miliyan 100 a kutsen Satumba 2023, kuma yana nan da ransa. Sai dai ka sani, kwanaki 4 ɗin nan suna farawa ne daga ranar da kamfanin da kansa ya yanke cewa ɓarnar ta kai a faɗa.

Wani matashi daga Kano kuma ya rubuto cewa shugaban zaurensu na WhatsApp ya ce a sayi kamfanin da bai taɓa sanar da kutse ba, shi ne mai tsaro.

Haba ɗana! Wa ya gaya maka shiru lafiya ce? An yi wa Yahoo kutse a 2014, bai buɗe baki ba sai 2016. Kamfanin sadarwa na Verizon, wanda ke shirin sayen Yahoo, ya zabge dala miliyan 350 daga farashin, SEC kuma ta ci Yahoo tarar dala miliyan 35 a 2018. Equifax, kamfanin da ke tattara bayanan bashin mutane, ya gano nasa a ƙarshen Yulin 2017, ya yi gum har 7 ga Satumba, alhali bayanan mutum miliyan 147 ne suka fita. A Oktoban 2024 an ci tarar kamfanin fasahar kwamfuta na Unisys dala miliyan 4, saboda ya rubuta haɗarin kutse kamar abin da ka iya faruwa, bayan ya san an riga an shiga masa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Mutum zai je Dawanau sayen buhun masara, ya zura hannu har ƙasa don kada a haɗa shi da mai ƙwari, amma ya canji naira da tsadar dalar nan ya zuba a kamfanin da bai karanta ko shafi ɗaya na rahotonsa ba. Rahoton shekara, wato 10-K, yana da sashe na musamman kan tsaron kwamfuta. Karanta ka ga wane ne ke riƙe da tsaron, mene ne ƙwarewarsa, yaya hukumar daraktoci ke sa ido. In daɗin baki kawai ka tarar, riƙe kuɗinka. Shi kuma shugaban zauren, tambaye shi nawa ya zuba na aljihunsa.

Hajiya daga Kaduna na tambaya ko haka dokar take ga kamfanonin NGX, wato kasuwar hannun jarin Najeriya. Hajiya, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in kutse ya taɓa bayanan mutane, a sanar da hukumar kare bayanai, wato NDPC, cikin sa'o'i 72, amma wannan sanarwa ce ga hukuma. Ke mai hannun jari, ki halarci babban taron shekara ki yi tambayar da bakinki, haƙƙinki ne.