Yadda Ake Ciro Faladiyam Daga Tarkace da Ruwan Sinadari

Tambaya: Malam, ɗalibin kimiyyar sinadarai ne ni. Na ji ana ciro faladiyam daga tsohuwar matatar hayaƙin mota ta hanyar kaɗa ruwa biyu da ba sa gaurayuwa. Ta yaya ruwa zai zaɓi ƙarfe ɗaya ya ƙyale sauran?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Allah Ya ƙara basira. Yawancin faladiyam ɗin duniya daga Rasha da Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma kaso mafi tsoka a matatar hayaƙi da ke jikin salansar mota yake ƙarewa, shi ya sa tarkacen ke da daraja. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ba ne a ciki, yana tare da filatinam da rodiyam, ga halayensu kusan ɗaya.

Da farko sai an narkar da su cikin asid ɗin haidirokulorik tare da iskar kulorin. Kowanne sai ya kewaye kansa da ƙwayoyin kulorayid na cikin asid ɗin: faladiyam ya riƙe 4, filatinam da rodiyam su riƙe 6-6. Daga nan a kawo ruwa na biyu, mai kamar kananzir, wanda aka narkar da sinadari mai ɗauke da salfa a cikinsa, irin su daihekzil salfayid ko dai'oktil salfayid. A kaɗa su sosai, a bar su su kwanta. Mai ya taso sama, asid ya zauna ƙasa.

To ga inda amsarka take. Faladiyam yana da ƙawazucin salfa, kuma ba ya jinkirin sakin kulorayid 2 ya kama ƙwayoyin salfayid 2 a madadinsu. Da zarar ya yi haka cajin lantarkin da ke riƙe shi cikin asid ya tafi, ba shi da sauran zama cikin asid, sai ya haura cikin mai. Shi ma filatinam zai iya wannan musaya, amma nawarsa ta yi yawa, kafin ya motsa an riga an raba ruwan. Ka ga ke nan bambancin sauri ake amfani da shi. Da ido ma za ka gani a kwalbar gwaji: launin ƙasa-ƙasa na asid yana dusashewa, man yana komawa ruwan ɗorawa.

Dawo da shi ba wuya. A wanke man da ruwan amoniya, faladiyam ya sauko, a zuba asid har wani gishiri rawaya ya kwanta, a ƙona shi ya bar garin ƙarfe. Man kuma a sake aiki da shi.

Abu biyu ke ɓata aikin. Idan da zinariya a ciki, kamar a tarkacen kayan lantarki, sai an fara cire ta, don ita ma salfayid na jan ta. Sannan ragowar kulorin yana cinye salfayid ɗin, dole a kore shi tukuna. A ganina babban raunin hanyar shi ne jinkiri, don kaɗawar kan ɗauki sa'o'i, shi ya sa masu bincike suka karkata ga sinadarai irin su tiyodaigilaikolamayid masu saurin kamu.

Don Allah kada ka gwada wannan a gida. Iskar kulorin tana ƙona huhu, man yana kama wuta, ragowar asid kuma guba ce ga ƙasa da ruwan sha. Ka yi shi a ɗakin gwaji mai na'urar zuƙe hayaƙi, malaminka yana tsaye.