Kito da hawan jini: a ƙara gishiri ne ko a rage?

Assalamu alaikum. Tambayoyi sun taru akan tsarin abincin nan da ake kira kito, wato mutum ya bar tuwo da shinkafa da fura da kunu da duk abu mai sitaci ko suga, ya koma nama da ƙwai da kifi da ganye da mai. Ga guda uku daga ciki.

Wata baiwar Allah daga wajen Ringim tace: Likita satina ɗaya da fara kito dan rage ƙiba, kaina kamar zai tsage, ga kasala ga jiri in na miƙe. A Facebook ance in dinga shan ruwan gishiri, kuma ina da hawan jini ina shan amlodipine. Ya zanyi?

Hajiya sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ke faruwa shine idan aka yanke sitaci insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, na raguwa a jiki, shi kuma insulin yana daga cikin masu sa ƙoda ta riƙe gishiri, to da ya ragu sai ƙodar ta dinga sakin gishiri da ruwa ta fitsari, shi yasa zaki ga kina yawan zagayawa a kwanakin farko, kilon da kika ga ya sauka da sauri ma yawanci ruwa ne. Ciwon kan da jirin daga nan suke, kuma galibi suna lafawa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Amma shawarar ruwan gishirin nan ba da irinki ake ba, da masu lafiyayyen jini ake. Hukumar Lafiya ta Duniya tace babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kwatankwacin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma harda wanda ke ɓoye cikin abinci. To ki duba tukunyarki: ga gishirin da aka barbaɗa, ga magi biyu uku da aka murmushe a miya, ga yajin da ake dangwala nama da shi wanda shima gishiri da magi ne a ciki, ga kilishi. Mai kito a wajenmu nama da yaji yake ci kullum, da wuya ace gishiri ya masa kaɗan. Jirin nan ma zai iya yuwuwa jinin ne ya sauka da yawa tunda ga magani ga ruwan jiki ya ragu. Ki je asibitin sha ka tafi mafi kusa a auna ki kina zaune, a sake aunawa kina tsaye, ki dinga rubuta lambobin a takarda ki kai wa wanda ya ɗora ki akan maganin. Ki sha ruwa sosai, romon nama ko na kaza da gishirinsa daidai misali ya wadatar. In kuwa ciwon kan ya zo da dishi-dishin gani ko nauyin baki ko mutuwar hannu, kada a kwana a gida.

Wani malamin makaranta daga Ɗambatta yace: an kawo min gishirin masu hawan jini daga birni, wani kuma yace jar kanwa ta fi shi. Ina shan lisinopril.

Malam dan Allah a ajiye duka biyun tukuna. Wannan gishirin an maye gurbin wani kaso na sodiyam ɗinsa, wato sinadarin gishiri mai ɗaga jini, da wani sinadarin da ake kira fotashiyam ne, magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan da spironolactone kuma suna sa jiki ya tara fotashiyam, idan yayi yawa yana rikita bugun zuciya ba tare da wata alama ba, musamman ga mai raunin ƙoda. Sai anyi gwajin jini an ga lafiyar ƙodar kafin a yarje maka. Kanwa kuwa sodiyam ce cike da ita, ɗaga jinin za ta yi.

Wani dattijo manomi daga ƙauyukan Gumel yace: tunda ɗana ya ɗora ni akan kito ƙafata ke ɗaurewa cikin dare, ina da suga da hawan jini, yanzu jinin ya sauka, in bar maganin? Kuma ko in sha ORS?

Baba lamarinka ya fi damuna a cikin ukun nan. Mai ciwon suga da ke shan glibenclamide ko allurar insulin idan ya bar tuwo lokaci guda bai rage magani ba, suga zai iya faɗuwa ya yanke jiki a gona babu kowa kusa. In kuma maganin jinin naka irin mai sa fitsari ne kamar Lasix, ga zufar bazara ga kito, hanya uku kenan ruwa da gishiri ke fita. Ɗaurewar ƙafar na iya zama daga nan, a ƙara zogale da alayyafo da kuɓewa da gyaɗa da kifi a abinci. ORS na gudawa da amai ne, akwai suga da gishiri a ciki, ba abin sha kullum bane. Maganin jini kada ka bari da kanka ko da awo ya nuna ƙasa da 140/90 wato jinin ya sauka, likita ne zai rage a hankali. A satin nan yaron ya kai ka asibiti, ku tafi da kwalayen magungunan gaba ɗaya a leda, a faɗa wa likitan abin da kake ci tun safe har dare.