Amsar Baba kan asalin kasuwar Garwa (an rubuto daga murya)

Salamu alaikum jama'ar gida. Ɗana, na ji tambayarka, wai ko Turawa ne suka kafa kasuwar Garwa tamu ta nan arewacin Kamaru. A'a wallahi. Jamusawa sai 1901 suka shigo garin nan, a 1915 Ingilishi da Faransawa suka kore su, to kafin duk wannan fa kakanninmu fatake suna sauka nan da jakuna, su kawo goro da kanwa da tufafin rini na Kano, matan Fulani su fito da nono da man shanu, manoman ƙauye su zube dawa da gyaɗa a ƙasa, a ci kasuwa a watse. Babu rumfar siminti babu tikiti.

Abin da ya raya kasuwar nan Binuwai ne, kogin nan da kuke tsallakawa kan gada ko kallonsa ba ku yi. Da damina in ruwa ya cika jirage ke hawowa tun daga Najeriya, su biyo ta Lokoja da Yola su tsaya a tashar jirgi ta Garwa, su sauke gishiri da siminti da kananzir su ɗauki gyaɗa da auduga, kuma abin wata biyu ne zuwa uku ruwa ya janye, shi ya sa lokacin garin ba ya barci, ɗan dako ma sai ya yi kuɗin aure.

To sai jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma bin Duwala da manyan motoci, aka zo aka gama dam ɗin Lagdo a kan Binuwai a 1982, tashar jirgi ta mutu murus. Amma fa Lagdon nan ita ta cika mana kasuwa da karfasa da giwan ruwa, ɗanye da banda, ban ga abin kuka ba ni dai. Albasa kuwa ta Marwa ce ke sauka buhu buhu, wannan kun sani.

In kana son ganin yadda kasuwar take a zamanin da, kada ka tsaya babbar kasuwa cikin shaguna, ka tashi ran Lahadi ka je Pitowa, nan kusa ne. Har yau a fili ake baza kaya, da kwano ake awo, ciniki rabi Fulatanci rabi Hausa. Ka je da safe amma, don in rana ta take tumatir ya gama laushi kuma dillalai sun riga sun kwashe na kirki.