Hukuncin sassaƙa hauren giwa da bayar da shi kyauta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, na ga hoton kyautar da ƙasar Sin ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya a 1974, an sassaƙa layin dogon Chengdu zuwa Kunming da hauren giwa, shin irin wannan aikin ya halatta, kuma zan iya sayen ƙaramin irinsa in ajiye a falo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Layin dogon an buɗe shi a 1970, ya haura kilomita 1,000 tsakanin lardunan Sichuan da Yunnan na ƙasar Sin, kyautar kuma da haure 8 aka yi ta, ka ga aƙalla giwa 4 ke nan.

Kyautar kanta ba matsala, Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙisu sarkin Masar alhali ba musulmi ba ne. Sassaƙa duwatsu da gadoji da jirgin ƙasa shi ma babu laifi, Ibn Abbas ya ce wa mai zane ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai, amma in an fitar da cikakken mutum-mutumi na mai rai to wannan kam malamanmu sun hana.

A hauren ne aka yi saɓani. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ce najasa ne don ƙashin mushe ne, Abu Hanifa ya ce mai tsarki ne, Bukhari ma ya kawo maganar Zuhri cewa ya riski malaman farko suna taje kai da shi suna zuba mai a ciki, mu kuma Malikiyya a littafin Risala an ce makaruhi ne amfani da shi, aka ƙara da cewa akwai saɓani. Don haka wanda ya gaji tsohon mataji ko carbi na haure ban ce ya yi zunubi ba.

Amma saye yau gaskiya ban halatta maka ba, saboda yawanci harbe giwar ake yi a fafe fuskarta a cire haure a bar gangar jikin tana ruɓewa a daji, wannan kisa ne ba da haƙƙi ba kuma kuɗinka ne ke sa maharbin ya koma, ga giwayen Yankari 'yan kaɗan suka rage. An hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, Sin ɗin ma da kanta ta rufe kasuwarsa a ƙarshen 2017, kuma bin dokar da aka yi don maslaha wajibi ne. In ado kake so nemi na katako ko na tagulla marar siffar mai rai. Wallahu a'alam.